Kwamfuta za ta iya hango annoba kafin ta shigo Kano?

Jama'a, assalamu alaikum. Wasiƙun da suka iso filin tambayoyinmu a wannan watan kusan bakinsu ɗaya. Tun da aka shiga yayin ƙirƙirarriyar basira, mutane ke son sanin ko da gaske ne kwamfuta na iya hango ɓarkewar cuta tun ba ta iso ba. Na daɗe ina aikin tattara alƙaluman cututtuka daga ƙananan asibitocin cikin birnin nan, don haka daga teburin rajista amsoshina za su fito.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe, ina karanta ilimin kwamfuta. Na ga wani bincike da aka yi a wata ƙaramar ƙasa, inda aka koya wa kwamfuta hasashen yawan mutanen da za su kamu da cuta mai yaɗuwa, makonni kafin su kamu. Ina so in yi irinsa a kan Kano a matsayin aikina na kammala karatu. Ta ina zan fara? Kuma me ya sa kullum a ƙananan ƙasashe ake jin an yi nasara?
Daga wata ɗaliba a Rijiyar Zaki

AMSA: 'Yata, Allah ya ba da sa'a. Kin zaɓi aikin da ya cancanci a sha wahala a kansa. Bari in fara da yadda abin yake, don sauran masu karatu su biyo mu.

Ki ɗauki mai kemis ɗin da ya shekara ashirin a bakin layi ɗaya. Ba wanda ya zaunar da shi ya koya masa lissafi, amma ya san da zarar ruwan Agusta ya zauna, nan da 'yan makonni maganin zazzaɓin cizon sauro zai fara ƙarewa a kanta, don haka tun kafin lokacin ya je ya saro. Abin da idonsa ya gani shekara da shekaru ne ya zauna masa a ka. To koyon na'ura shi ne wannan ɗin a lissafe. Za a ba kwamfuta alƙaluman shekarun baya mako bayan mako: mutum nawa suka kamu, ruwa nawa aka yi, yaya zafi da laimar iska suka kasance. Ita kuma ta laluɓo wanne ke gaba, wanne ke biyo baya, kuma da tazarar mako nawa. In ta gama sai a ba ta na wannan makon, ta faɗi abin da take tsammani nan da mako biyu ko huɗu. Ba ta san sauro ba, ba ta san ƙwayar cuta ba. Lambobin da aka zuba mata kaɗai ta sani.

A nan ne sirrin ƙananan ƙasashe yake. Ki duba Singafo. Mutanenta wajen miliyan 6 ne, a kan tsibirin da bai kai murabba'in kilomita 800 ba. Jihar Kano ta ninka shi fiye da sau 20 a faɗin ƙasa. Doka ta wajabta wa likita ya sanar da hukuma duk wanda ya samu da zazzaɓin dengi, ma'aikatan muhalli kuma na bin gida-gida suna duba inda sauro ke ƙyanƙyasa, suna rubutawa. A 2016 masana daga hukumar muhallin ƙasar da babbar jami'arsu suka wallafa tsarin da ke hasashen dengi har makonni 12 gaba. Dabarar da suka ɗauka, mai suna LASSO, ba wata mai sarƙaƙiya ba ce: a jera mata abubuwa masu yawa da ake zaton suna da tasiri, ita ta zubar da marasa amfani ta riƙe 'yan kaɗan. An yi aiki da tsarin a annobar 2013, wadda ta kama mutum sama da 22,000, wajen gargaɗin jama'a da wuri da shirya gadajen asibiti. Amma ki riƙe wannan ma: a 2020 ƙasar ta samu masu dengi sama da 35,000, mafi yawa a tarihinta. Hango cuta daban, tare ta daban.

Wanda ya fi burge ni shi ne na Barbados, tsibirin da mutanensa ba su kai 300,000 ba. Kowa na tsammanin ruwan sama ne kaɗai ke kawo sauro. Sai binciken da aka wallafa a 2018 ya nuna cewa fari ma na ƙara haɗarin dengi bayan kusan wata biyar, domin in ruwa ya yi wuya mutane na tara shi a duro da tankuna, shi kuwa sauron dengi a irin wannan ruwan ajiyar yake yin ƙwai. Duk lokacin da na ga 'yan garuwa na juye jarkoki a durorin da ba murfi sai wannan binciken ya faɗo mini, musamman da yake a ƙarshen 2023 hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ta tabbatar da ɓullar dengi a Sakkwato. Ba gwanintar kwamfuta ce ta gano wannan ita kaɗai ba. Masu binciken ne suka saka fari cikin lissafin.

Saboda haka ba ƙanƙanta ce ke ba su nasara ba. Abin da suke da shi shi ne sun san yawansu, marar lafiyarsu yana zuwa asibiti, asibitin yana rubutawa, rubutun kuma yana isa wuri guda a kan lokaci. Ƙanƙantar ma na da tata matsalar. Inda mutum uku ke kamuwa a mako, in aka samu shida sai lissafi ya ce cuta ta ninka, alhali wataƙila gida ɗaya ne suka ci abinci ɗaya. Za ki ci karo da wannan da zarar kin sauko daga matakin jiha zuwa mazaɓa, kuma mazaɓu 484 gare mu a ƙananan hukumomi 44.

Mu a nan, ƙidayar ƙarshe da aka yi ita ce ta 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4. Duk abin da ake faɗa bayan nan kintace ne. Garin kuma ba shi da ƙofa: kullum motoci na sauke mutane daga Jigawa, Katsina, Maraɗi da Damagaram, wasu kasuwa ta kawo su Kwari ko Singa ko Dawanau, wasu asibiti suka zo. Yaron da ya kamu a wani ƙauye mai nisa, in aka kawo shi babban asibitin cikin birni, sau da yawa a lissafin birni yake faɗawa. Sannan ga ɗimbin waɗanda daga kemis ko wurin mai maganin gargajiya jinyarsu ke farawa, a nan kuma take ƙarewa, ba tare da sunansu ya taɓa takarda ba.

Duk da haka aikin zai yiwu, in kin taƙaita buri. Ki ɗauki cuta ɗaya, a ƙananan hukumomi takwas na ƙwaryar birni. Ni da zan zaɓar miki, zazzaɓin cizon sauro zan ce, ko ƙyanda, don suna da lokacin da suka saba tasowa kuma alƙalumansu sun fi na saura tsawo. Ki nemi izini a rubuce daga kwamitin ɗa'ar bincike na ma'aikatar lafiya kafin ki taɓa komai. Za ki tarar alƙaluman wata-wata suna cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta samar kuma Najeriya ke amfani da ita. Sai ki yi wannan lissafin tun da wuri: shekara goma ta alƙaluman wata-wata layi 120 ne kacal, na mako-mako kuwa layi 520. Manyan tsare-tsaren nan masu kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, waɗanda ɗalibai ke ɗokin sakawa a taken aikinsu, dubban layuka suke bukata. In aka ba su 120 haddacewa za su yi, su ci jarrabawar jiya ɗari bisa ɗari, su faɗi ta gobe.

Ki fara da hasashe mafi sauƙi: wannan watan zai yi kama da matsakaicin irinsa a shekaru biyar da suka wuce. Ki auna kuskurensa ki ajiye. Duk wani tsari mai tsada da za ki gina bayan nan, in bai doke wannan ba, ba shi da amfani, kuma faɗin hakan a fili shi ma sakamako ne mai daraja. Wajen gwaji kada ki cakuɗa shekaru. Ki koyar da na'urar da na farko-farko, ki ɓoye mata na ƙarshe, sannan ki ga me za ta ce a kansu. Kada kuma ki ba da lamba ɗaya tilo. Ki ce, alal misali, tsakanin 400 da 700, mai yanke shawara ya san iya inda zai dogara da ke.

Akwai abubuwan da takardun waje ba za su faɗa miki ba, sai wanda ya zauna a nan. Azumi da Sallah na matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, kuma zuwa asibiti na canzawa a cikinsu. Kwamfutar da kalandar Turawa kaɗai ta sani za ta ɗauka yanayi ne ya sauya, sai kin saka mata kalandar Musulunci da hannunki. Watan da aka yi yajin aiki, ko kayan gwaji suka yanke, alƙaluma za su faɗi ƙasa ba don an samu sauƙi ba. Rabon maganin rigakafin zazzaɓi da ake yi wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 gida-gida a damina, wanda hukumar lafiya ta duniya ta ba da shawararsa a 2012, ya sauya siffar cutar, don haka shekarun da suka gabace shi ba ɗaya suke da na bayansa ba. Sai kuma cin rani. A 2011 wasu masana suka wallafa binciken da ya yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam na hasken dare a Yamai, Maraɗi da Damagaram, suka ga hasken unguwanni na ƙaruwa da rani in mutanen karkara suka shigo gari, ƙyanda kuma na tashi tare da shi. Kano uwar 'yan cin rani ce. In kika samo hanyar auna wannan shigowar, kin yi abin da ya fi kwafo aikin wata ƙasa.

TAMBAYA: Yallaɓai, ni ma'aikacin lafiya ne a wani asibitin sha-ka-tafi. Mu biyu ne a bakin aiki, ga layin marasa lafiya, ga fom na mako, ga na wata, ga na rigakafi. In kwamfuta za ta riƙa yin hasashe, ashe za mu huta da cike-ciken nan ke nan?
Daga wani ma'aikacin lafiya a ƙaramar hukumar Dala

AMSA: Abokin aiki, sannu da ƙoƙari. Na san teburin nan, na san yadda hannu ke sagewa a ƙarshen wata. Amma gaskiya ɗaya ce: ranar da ka daina rubutawa, ranar kwamfutar ta makance.

An taɓa gwada tsallake irinku. A 2008 kamfanin Google ya fito da wani tsari da ke kintata yawan masu mura a Amurka daga abin da mutane ke bincikawa a intanet, ba tare da jiran rahoton likitoci ba. Da farko an yi ta yabonsa. A farkon 2013 sai ya ba da adadin da ya kusa ninka abin da asibitoci suka gani, don labarin mura ya cika kafafen yaɗa labarai, har masu lafiya ma suna ta bincike saboda fargaba. A 2015 aka daina wallafa shi. Da me aka gane ya kauce? Da rahoton likitocin nan da aka so a tsallake.

Mu kuwa namu darasin ya fi wannan ɗaci. A watan Afrilun 2020, alƙaluman hukuma na nuna masu korona 'yan kaɗan ne a Kano, alhali masu haƙar kabari a maƙabartun birni na cewa ba su taɓa ganin yawan jana'iza irin haka ba. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya sanar cewa binciken da aka yi ta hanyar tambayar iyalan mamata ya ƙirga mace-mace 979 a ƙananan hukumomi takwas na birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya kasancewa da alaƙa da korona. Da a ce akwai manhajar hasashe mafi inganci a duniya a lokacin, aka ba ta alƙaluman gwajin da ke hannu, da ta ce lafiya lau. Dattawan da muka rasa a wancan watan ba su cikin rajistar kowa. Har yau in na tuna sai raina ya sosu, kuma shi ya sa nake ganin rubuta mace-mace a maƙabartu, ko da suna da shekaru da unguwa ne kawai, ya fi mana gaggawa a kan sayo kowace irin manhaja.

Abu ɗaya nake roƙonka. Makon da ba ka ga mai ƙyanda ko ɗaya ba, ka rubuta sifiri ka aika. Kada ka bar gurbin fayau. Sifiri na nufin an duba ba a gani ba, gurbi fayau kuwa ba wanda ya san me yake nufi, kuma wanda ke zaune a gaban kwamfuta in ya ɗauke su abu ɗaya, ya ɓata lissafin shekara.

Kukanka kuma yana kan hanya. Bai kamata a sa mutum ɗaya ya rubuta yaro ɗaya a littafi uku ba. An fara rage wannan da manhajar SORMAS ta tattara rahoton cututtuka, wadda aka ƙirƙira bayan Ebolar 2014 da haɗin gwiwar NCDC da wata cibiyar bincike ta Jamus, Kano kuma na cikin jihohi biyu da aka fara gwada ta a 2015, tare da Oyo. Akwai ma hanyoyin da ba sa ɗora maka nauyi ko kaɗan: tun 2011 ake ɗibar ruwan manyan magudanan Kano ana gwada shi don neman ƙwayar shan inna, a nan aka fara a duk Najeriya, kuma kwata na kawo labarin wanda bai taɓa taka asibiti ba. Amma babban abin da nake ganin ana bin ku bashi shi ne amsa. Rahoto na hawa sama kowane mako, ba kasafai wani abu ke saukowa ba. Da za a riƙa turo maka ko da saƙon waya ne, a ce ga abin da alƙaluman mazaɓarka suka nuna, ga abin da ake tsammani a wata mai zuwa, ka tanadi kaza, da ka ga amfanin biron da kake ƙararwa. Duk mai shirin kawo mana tsarin hasashe, wannan saƙon nake so in fara gani a cikin kasafinsa.

TAMBAYA: Malam, jikana ne ke karanta mini mujallar nan. Ni dai ina tambaya, wannan abin ba duba ba ne aka sake wa riga? Gobe ai ta Allah ce.
Daga wani dattijo a Yakasai

AMSA: Baba, Allah ya ƙara girma, ya ja da rai. Gobe ta Allah ce, ba musu. Fatawa kuma ta malamai ce; ni abin da zan iya shi ne in shimfiɗa yadda aikin yake, ku auna.

Mai duba yana da'awar sanin abin da ke ɓoye, ta hanyar da ba mai iya bincikawa. Wannan kuwa sabubban da kowa ke gani ake ƙirgawa: ruwan da ya sauka, yaran da ba a yi wa allura ba, mutanen da suka kwanta a makon jiya. Sai a ce bisa abin da aka saba gani, akwai yiwuwar kaza. Ba a cewa tabbas, kuma in lokacin ya zo ana dawowa a gwada maganar da abin da ya faru, a rubuta kuskuren kowa ya gani. Haka hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, manoma na sauraro suna kuma cewa in Allah ya yarda.

Baba ya fi ni sanin labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham aka tare shi da labarin annoba ta ɓarke a can. Ya yi shawara, ya juya da jama'arsa. Da Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya amsa cewa suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Labari ya samu da wuri, ya yi aiki da shi. Iyakar abin da muke nema ke nan, labarin ya iso tun da sauran lokacin yin wani abu.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce mai yara huɗu. Duk bazara hankalina ba ya kwanciya saboda sanƙarau, don na taso ina jin labarin wanda aka yi a 1996 a gidanmu. Kwamfutar za ta iya faɗa mana shekarar da zai dawo? Kuma me ya sa sau da yawa ake hasashen bala'i, sai a wayi gari bai zo ba?
Daga wata uwa a Kurna

AMSA: Hajiya, Allah ya raya yaran, ya jiƙan waɗanda aka rasa. Shekarar 1996 ba ta mantuwa: a Najeriya kaɗai mutum sama da 100,000 suka kamu, sama da 11,000 suka rasu, Asibitin Zana ya cika har ba masaka tsinke.

Lokacin sanƙarau sananne ne ba sai da kwamfuta ba. Yana farawa da hunturu in iska ta bushe ƙura ta tashi, ya yi ƙamari a zafin Maris da Afrilu, ya lafa da saukar ruwan farko. Bushewa da ƙura na raunana fatar cikin hanci da maƙogwaro, cunkoso a ɗaki marar iska kuma na sauƙaƙa wa ƙwayar wucewa daga wannan zuwa wancan. Hukumomin yanayi, namu da cibiyar ACMAD da ke Yamai, na fitar da gargaɗi bisa ƙura da laimar iska. Sai dai hunturu kowace shekara yake zuwa, babbar annoba kuwa sai jefi-jefi. Faɗin wace shekara, kuma a wace ƙaramar hukuma, nan ne hasashe ke da rauni har yanzu, kuma zan gaya miki dalili.

Sanƙarau iri-iri ne. Na 1996 nau'in A ne. Daga 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar, ta iso Najeriya a 2011, nau'in A kuma ya kusa ɓacewa. Sai a 2017 nau'in C ya ɓarke, ya fi tsanani a Zamfara da Sakkwato, aka samu waɗanda ake zaton sun kamu sama da 14,000, mutum sama da 1,000 suka rasu. Kwamfutar da aka koyar da tarihin nau'in A ba ta da inda za ta ga wannan, don bai taɓa faruwa a littafin da aka ba ta ba. Shi ya sa har gobe ma'aikata ke dogara da ƙa'ida mai sauƙi ta hukumar lafiya ta duniya: in aka samu mutum 3 cikin 100,000 a mako guda a yanki ɗaya, a shiga shiri, in sun kai 10, annoba ce. Labari mai daɗi shi ne a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta fara amfani da sabuwar allurar da ke kare nau'i biyar a haɗe.

Ki tuna kuma da mashaƙon da ya taso daga ƙarshen 2022, wanda Kano ta fi kowace jiha shan wahalarsa. Wannan ba ruwan sama ko ƙura ne suka kawo shi ba. Yaran da ba su samu allurar mako 6 da 10 da 14 ba ne suka taru shekara bayan shekara, har suka yi yawan da ƙwayar za ta samu hanya. A ganina, hasashen da ya fi kowanne amfani a garin nan shi ne taswirar unguwannin da irin waɗannan yaran suka fi yawa. Koyon na'ura na iya taimakawa a nan sosai, ya haɗa bayanan rigakafi da hotunan sama na sabbin unguwannin da ke tsirowa a gefen birni, ya nuna inda ya kamata ma'aikata su fara ƙwanƙwasa ƙofa.

Game da hasashen da ba ya cika, wani kuskure ne zalla, wani kuwa jin gargaɗinsa aka yi. A watan Satumban 2014 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce in ba a sauya komai ba, masu Ebola a Laberiya da Saliyo na iya kai miliyan 1.4 zuwa Janairun 2015. Aka tashi tsaye, aka gina wuraren jinya, mutane suka sauya yadda suke wankan gawa da binne ta. A ƙarshe jimillar waɗanda suka kamu a Afirka ta Yamma ta tsaya a wajen 28,600. Hasashen yanayi ba ya hana ruwa sauka, amma hasashen cuta na sauya halin mutane, halin mutane kuma ya sauya cutar. Wannan na cikin abin da ya sa duk wanda ya san aikin ba ya sakin jiki da hasashen da ya wuce 'yan makonni.

Ke dai a gida, Hajiya, kada ki jira sanarwa. Ki ciro katin rigakafin kowane yaro ki duba ko akwai gurbin da ba a cike ba, allurar kyauta ce. Da zafi a bar tagogi a buɗe, a rage cunkoso a ɗakin kwana gwargwadon hali. In yaro ya yi zazzaɓi mai zafi farat ɗaya da ciwon kai da amai, wuyansa ya sanƙare, ko haske ya riƙa damun idonsa, ko jariri maɗigarsa ta kumbura ya ƙi kama nono, a wuce asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne. Sanƙarau na iya kisa cikin kwana ɗaya, kuma yana jin magani in an fara da wuri.

TAMBAYA: Malam, duk wannan bayanin da za a zuba wa kwamfuta, har da sunayenmu da lambobin wayarmu?
Daga wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari

AMSA: Alhaji, hasashe ba ya bukatar sunanka. Adadi yake so: mutum nawa, a wane mako, a wace mazaɓa, 'yan shekara nawa. Suna da lambar waya aikin jami'in da ke bin sawun marar lafiya ne, kuma a hannunsa ya kamata su tsaya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta kiyayewa. Inda nake da damuwa shi ne taswira mai ƙanƙanta sosai. In aka nuna ɗigo a kan lungu ɗaya aka ce a nan kwalara take, ko ba a ambaci suna ba maƙwabta sun san gidan, mai sayar da abincin da ke bakin lungun kuma ita za ta rasa ciniki. Irin wannan taswirar ta ma'aikata ce, wadda za a nuna wa jama'a kada ta sauko ƙasa da mazaɓa. In wani ya zo shagonka ko gidanka da fom yana neman bayanin lafiyar iyalinka, ka nemi ganin katin shaidarsa, ka tambaye shi wace hukuma ce ta aiko shi da kuma inda bayanin zai tafi, sannan ka amsa.